Tambaya da Amsa: Yawon Ƙafa a Tsaunukan Alps ga Wanda Ba Shi da Mota

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda: mutum ya sauka a garin da ke gindin tsaunukan Alps na Turai, ba shi da mota kuma ba ya da niyyar haya, yana so ya fita da safe ya taka dutse ya dawo masauki kafin dare. Ga abin da ya sawwaƙa.

Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina za mu yi kwana shida a Suwizalan cikin watan Yuli. Babu mai lasisin tuƙi a cikinmu. Anya ba za mu ƙare a zaman otal ba? Wane gari ya kamata mu sauka?

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Akwai garuruwan da ko kana da motar ba za a bar ka ka shiga da ita ba. Mai zuwa Zermatt da mota a ƙauyen Täsch yake ajiye ta, kilomita 5 kafin gari, ya ƙarasa a jirgin ƙasa. Wengen da Mürren su ma haka, sai ta jirgi ko motar igiya, wato akwatin nan mai gilashi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe yana hawa da mutane. Hasali ma mai mota shi ke ɗaure, domin duk inda ya ajiye ta dole ya koma can. Kai kuwa kana iya hawa ta wannan kwari ka sauka ta wancan.

Wajen zaɓen gari, kada kyawun hoto ya ruɗe ka. Buɗe taswira ka ƙirga hanyoyi nawa ne ke ɗaga mutum daga tsakiyar garin zuwa sama. Zermatt tana da uku manya: jirgin Gornergrat mai haƙora (haƙoran da ke kama layin dogo don hawa dutse), wanda ke aiki tun 1898 kuma yake kai mutum mita 3,089 cikin rabin awa da 'yan mintuna, jirgin cikin rami da ke fitowa a Sunnegga, sai motar igiya ta ɓangaren Schwarzsee. Kowace a cikinsu ta isa yini biyu ba tare da an maimaita turba ba. Grindelwald da Lauterbrunnen da Wengen kuwa jiragen ƙasa da motocin igiya sun saƙa su wuri guda, duk wanda ka sauka a ciki ka samu sauran.

Idan kun tsallaka Faransa, Chamonix na da jirgi da ke ratsa kwarin daga farko har ƙarshe, ga bas-bas. Ku tambayi masauki katin baƙo tun ranar da kuka iso, domin yana rage kuɗin zirga-zirga a cikin kwarin. Cortina ta Italiya kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta da tashar jirgin ƙasa, komai sai bas, don haka ba mu cika ba wa sabon shiga shawararta ba.

Masaukin kansa ya kasance tafiyar minti goma ko ƙasa da haka daga tasha. Ɗaki mai araha da ke can saman gangara zai ci muku rabin awa kowace safiya, ya kuma jira ku da hawa da yamma lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Na ga an rubuta cewa wata hanya kilomita 10 ce kawai. A gari ina cinye kilomita 10 cikin awa biyu. Me ya sa aka ce za ta ɗauki awa biyar?

A nan gizo ke saƙa, kuma wanda bai fahimci wannan ba shi ne motar ƙarshe ke tafiya ta bari. A kan dutse ba a auna tafiya da tsawo kaɗai, ana haɗawa da hawa da sauka. Shi ya sa allunan hanya a Suwizalan lokaci suke nunawa, awa kaza da minti kaza, ba kilomita ba. Kuma lokacin da ke jikin allo na tafiya ne zalla, babu hutu, babu cin abinci, babu ɗaukar hoto.

Ga lissafin da ake amfani da shi a Jamus da Ostiriya, wanda muke ganin ya fi dacewa da baƙo. A awa guda mutum na yin kilomita 4 a miƙe, ko ya hau mita 300, ko ya sauka mita 500. Ka fitar da lokacin tsawo daban, lokacin hawa da sauka daban. Sai ka ɗauki wanda ya fi yawa, ka ƙara masa rabin ƙaramin.

Mu ɗauki hanyar taka, mu ce tana da hawan mita 900 da saukar mita 500. Tsawonta awa biyu da rabi ne. Hawa awa uku, sauka awa ɗaya, jimla awa huɗu. Awa huɗun ce babba, sai a ƙara mata rabin awa biyu da rabi, wato awa ɗaya da kwata. Ka ga an samu awa biyar da kwata. Ƙara awa guda ta hutu da abinci, ya zama shida da kwata.

Yanzu sai ainihin aikin. Ba daga safe ake fara tsara yini ba, daga yamma ake farawa a dawo baya. Nemi lokacin da mota ko jirgin ƙarshe ke saukowa daga inda tafiyarka za ta ƙare. Yawancin motocin igiya suna rufewa tsakanin huɗu da rabi da shida na yamma, alhali a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Wannan hasken ke yaudarar mutane: gari fayau, amma an kashe inji, ma'aikata sun sauka. In motar ƙarshe ƙarfe biyar ce, ka sa a ranka ƙarfe huɗu za ka isa. Cire awa shida da kwata daga ƙarfe huɗu, ka ga dole ƙafarka ta kasance a kan turba da goma saura kwata. Daga nan ka cire lokacin hawa zuwa mafarin hanyar, da layin sayen tikiti, sai ka san ƙarfe nawa za ka bar ɗaki.

Misali na zahiri shi ne hanyar Schynige Platte zuwa First ta kan Faulhorn, kusan kilomita 16, tafiyar awa shida. Jirgin da ke kai mutum mafarinta daga Wilderswil tsoho ne mai tafiyar hawainiya, yana cin kusan minti 50. Wanda ya yi nawa bai kama na sassafe ba, zai iso First ya tarar an rufe. First tana mita 2,168, Grindelwald tana mita 1,034 a ƙasa. Saukar sama da mita 1,100 ke nan, fiye da awa biyu, da gwiwar da ta riga ta yi awa bakwai tana aiki.

Abu na ƙarshe: ranar farko ka gwada kanka da allo. In ya ce awa ɗaya kai kuma ka yi awa ɗaya da minti 20, to kashi ɗaya cikin uku za ka riƙa ƙarawa a kan kowane allo har ka bar ƙasar. Ka kuma tsayar da lokacin juyawa tun kana ɗaki, misali "in ƙarfe ɗaya ta yi ban kai tafkin ba, na koma", domin a kan dutse zuciya kan ce saura kaɗan alhali da sauran aiki.

Malamai, launukan da ake shafawa a jikin duwatsu fa? Na ga ja da fari, na ga shuɗi.

'Yar'uwa, waɗannan su ne harshen hanya. A Suwizalan allo ruwan ɗorawa zalla yana nufin turba mai sauƙi, mai faɗi, inda aka yi shinge a wurare masu haɗari. Fari-ja-fari turbar dutse ce: tana da tsayi, tana ƙuntata, wani wuri ga rami a gefe, ana buƙatar takalmi mai kama ƙasa da ƙafar da ba ta rawa. Fari-shuɗi-fari kuwa ta ƙwararru ce, wani wuri babu turbar ma sam, sai an dafa da hannu, wani lokaci a ratsa ƙanƙara. Baƙo mai yawon yini ba shi da abin yi a kan shuɗi. A littattafan jagora za ki ga ma'auni daga T1 zuwa T6. T1 shi ne ruwan ɗorawa, T2 da T3 ja, daga T4 zuwa sama shuɗi. Ki tsaya a T1 da T2 a zuwan farko.

In kika yi minti goma ba ki ga fenti ko ɗaya ba a turbar ja, ki tsaya ki koma alamar ƙarshe da kika gani. Sawun shanu da na tumaki yana kama da hanya sosai, sai ya kai mutum bakin gangara ya ɓace. Kuma launukan nan na Suwizalan ne. A Ostiriya ja matsakaici ne, baƙi ne mai wuya, don haka kada a ɗauki ma'anar wata ƙasa a kai wata.

Ku ba mu hanyoyi na gaske da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya, daga tasha zuwa tasha.

A Zermatt, fara da Rotenboden, tasha ta kusa da ƙarshe a layin Gornergrat. Minti goma ƙasa da ita akwai tafkin Riffelsee, inda dutsen Matterhorn mai mita 4,478 ke bayyana a kife cikin ruwa. Da safe ake samun wannan, kafin iska ta taso ta yamutsa fuskar ruwan. Daga nan a gangara zuwa tashar Riffelberg, kimanin awa guda. Alherin hanyar shi ne layin dogo na kusa da kai, in da sauran ƙarfi ka zarce Riffelalp, in ya ƙare ka shiga jirgi.

Kashegari sai hanyar tafkuna biyar. A hau zuwa Blauherd, mita 2,571, a bi ta Stellisee, Grindjisee, Grünsee, Moosjisee da Leisee, a ƙare a Sunnegga. Tsawonta tsakanin kilomita 9 da 10, kusan awa uku ba hutu. Ana yawan cewa duk gangara ce, amma akwai hawa a ƙarshe, bayan Moosjisee, tafkin da ruwansa ya yi kauri kamar an dama alli a ciki saboda garin dutsen da ƙanƙara ke niƙawa. A ajiye wa hawan nan ruwa da numfashi.

A yankin Jungfrau, hanyar Männlichen zuwa Kleine Scheidegg ita ce ta yara da dattawa: kilomita huɗu da rabi, awa ɗaya da rabi, kusan a shimfiɗe, bangon dutsen Eiger na gabanka har ka isa. Ana hawa daga Wengen ko Grindelwald, a sauka a jirgi ta duk ɓangaren da aka ga dama. First zuwa tafkin Bachalpsee kuwa minti 50 ne zuwa, 50 dawowa.

A Chamonix muna son hanyar da ta tashi daga Plan de l'Aiguille, tashar tsakiya ta motar Aiguille du Midi, ta bi kafaɗar dutse zuwa Montenvers, kusan awa biyu da rabi, a sauko gari a jan jirgin nan mai haƙora. Sai dai motar Aiguille du Midi na cika maƙil a tsakiyar bazara, a kama wuri tun da wuri.

Wani ɗan tarko ga mai tashi daga tashar Interlaken Ost: jirgin yakan rabu biyu a Zweilütschinen, rabi ya nufi Lauterbrunnen, rabi Grindelwald. A karanta rubutun jikin taragon kafin a zauna.

Kuɗin motocin igiyar nan ya tsorata ni. Akwai dabarar rage shi?

Da gaskiyarka. Zuwa Gornergrat da dawowa a bazara ya haura faran 100, kuɗin Suwizalan, ga mutum ɗaya. Rubuta duk hawa da saukar da kake niyya a takarda, ka haɗa cikakken kuɗinsu, sannan ka kwatanta da katin rabin kuɗi na baƙi, mai aiki wata guda, wanda ke raba kuɗin jiragen ƙasa da bas da yawancin motocin dutse biyu. Ga mai kwana biyar zuwa sama da ke hawa kullum, yawanci yana fanshe kansa. Akwai kuma katunan yanki na kwanaki, masu amfani ga wanda zai zauna a kwari ɗaya.

Kada ka sayi tikitin zuwa da dawowa in za ka taka wani sashe da ƙafa. Sayi na hawa zuwa inda za ka fara, da na sauka daga inda za ka ƙare. Kada kuma ka sayi tikitin ƙololuwa tun jiya. Tashoshin sama suna da kyamarori da ke nuna halin da ake ciki kai tsaye, a intanet da allunan tashar ƙasa. In ka ga fari fat, kuɗinka za ka kai wa hazo.

Manhajar SBB Mobile tana haɗa jirgi da bas da motar igiya a jadawali guda. Jiragen ƙasar suna tashi a minti iri ɗaya na kowace awa, don haka in ka riƙe ɗaya ka riƙe sauran. Bas ɗin gidan waya mai ruwan ɗorawa shi ke shiga ƙananan kwaruruka, amma can wani wuri sau huɗu ko biyar kawai yake zuwa a yini, wasu layukan ma sai an kama kujera. Ƙananan tashoshin jirgi da aka rubuta wa "Halt auf Verlangen" kuwa, sai ka danna maɓalli, a dandamali ko a cikin tarago. In ba ka danna ba, kana tsaye zai wuce ka.

Me zan saka a jaka? Kuma wane wata ne ya fi?

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Kafin nan dusar ƙanƙara na kwance a kwazazzaban da ke fuskantar arewa sama da mita 2,200, wani lokaci har cikin Yuli. Irin wannan tsohuwar ƙanƙara da safe tauri gare ta kamar siminti, kuma mutum in ya zame a kanta ba ya tsayawa sai ya haɗu da dutse. In ta tare turba a wuri mai gangara, a juya. A watannin Mayu da Nuwamba motocin igiya da yawa suna rufe don gyara, wanda ga marar mota tamkar an rufe dutsen ne.

Zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane hawan mita 1,000. In Zermatt na digiri 22, Gornergrat na wajen 12, kafin iska ta sa baki. Saboda haka sutura hawa uku: ta jiki mai saurin bushewa, ta ulu ko makamanciyarta, sai rigar ruwa mai tare iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ka tsaya hutawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Takalmi mai ƙasan roba mai zurfin zane, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi bororo yake haifarwa tun awa ta biyu, kuma da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya ka tsaya ka manna filasta, kada ka jira ya tashi.

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum. Famfunan ƙauyuka a Suwizalan ana sha, sai wanda aka rubuta wa "Kein Trinkwasser". Ruwan rafin da ya ratso makiyaya kuwa a bar shi. Sai abinci, hula, tabarau da man kare fata, domin rana a sama tana ƙuna ko da ana sanyi. Sanduna biyu na sauƙaƙa wa gwiwa sauka. A sauke taswirar swisstopo a waya tun a masauki don ta yi aiki ba intanet, a riƙe batirin ko-ta-kwana, da 'yan kuɗi a hannu saboda wasu bukkokin abinci na sama ba sa karɓar kati. Jakar baya mai lita 20 ta ɗauke duka.

Idan hadari ya taso, ko wani ya ji ciwo, ba mota kusa, yaya ke nan?

Hadarin bazara a Alps yana da ɗabi'a: safiya garau, wajen sha ɗaya gajimare ya fara taruwa a kan ƙololuwa kamar tulin auduga, bayan azahar ya yi duhu ya fashe. Duba hasashen yanayi na MeteoSwiss da dare, ka sake dubawa da safe. Ranar da aka yi hasashen tsawa, ka tsara yadda za ka bar wuri mai tsayi kafin ƙarfe ɗaya. Da ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa, ka raba da uku, ka samu nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 ta zo kusa. Sauka daga doron dutse, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da igiyoyin ƙarfen da ake kafawa a gefen turba. Ka kuma sani cewa ana tsayar da motocin igiya idan iska ko tsawa ta yi ƙarfi, don haka tun a gida ka san turbar da za ta sauke ka da ƙafa, da awannin da za ta ci.

Lambar gaggawa 112 tana aiki a duk ƙasashen. A Suwizalan 1414 ce ta Rega, masu ceto da jirgi mai saukar ungulu, amma a jihar Valais, inda Zermatt take, 144 ake kira. A Ostiriya 140. In babu sabis, alamar neman agaji ita ce busa usur ko haska tocila sau shida cikin minti guda, a huta minti guda, a maimaita. Mai amsawa sau uku yake yi. Kafin ka fita, gaya wa mai masauki hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.

Ceto da jirgi a Suwizalan yana kai dubban faran, kuma inshorar da ake yi don bizar Schengen ba lallai ta ƙunshi nema da ceto ba. Wasu ma suna da iyakar tsayin da suke biya. A karanta takardar kafin a tashi.

Ciwon kai da tashin zuciya sama da mita 2,500 alamar jiki bai saba da ƙarancin iska ba ne, kuma motar igiya na jawo shi saboda tana ɗaga mutum cikin mintuna. Maganinsa sauka. Kada a sa wuri mafi tsayi a ranar farko.

Wai da gaske shanu na kai wa masu tafiya hari?

Da gaske ne, musamman saniya mai ɗan maraƙi. Turba da yawa ta tsakiyar makiyaya take bi. A ba su tazarar mita 20 ko fiye, kada a shiga tsakanin uwa da ɗa, kada a taɓa maraƙi komai kyansa. In ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa, a ja da baya a hankali ba tare da juya mata baya ba. Garken tumaki kuma wani lokaci yana da manyan karnukan gadi saboda kyarkeci. In sun taso da haushi, a tsaya cak, kada a ruga, kada a ɗaga sanda, a bari su lafa sannan a zagaye garken daga nesa. Siririyar wayar da ke kewaye da makiyaya tana da lantarki, ta wurin mariƙin roba ake buɗe ta, kuma duk ƙofar da ka tarar a rufe ka mayar da ita yadda ka same ta.